Auduga Ba Ta San Hutu Ba

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Malama, kin yi shiru, ko an ɗaura ne ba mu ji ba?" to ku kwantar da hankalinku, ba a ɗaura komai ba. Abin da ya faru tsakanin Alhamis da Juma'ar nan ne ya riƙe ni. Kuma ina gaya muku tun yanzu, yau fariya zan yi son raina. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ga sababbin zuwa, ni ce autar Mama, ina koyar da 'yan aji biyar a firamare, shekarata ta uku ke nan. Mama mai ɗinki ce, shagonta manne yake da gidanmu. Goggo kuwa yayar marigayi Babanmu ce, tun da ya rasu ta naɗa kanta mai kula da aurena, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Sai kuma mutumin, wanda nake kira Ƙarfe Biyar. A kamfanin motocin safa yake aiki, shi ke tsara wace mota za ta tashi da wane lokaci. Wata goma sha ɗaya yana zuwa gidanmu, bai taɓa yin sallama biyar saura minti ɗaya ba, bai taɓa yi biyar da minti ɗaya ba. Mama har ta daina duba agogo, da ta ji muryarsa sai ta kashe keke.

Ina son shi, kada ma ku tambaya. Matsalar ita ce kamfaninsu zai tura shi buɗe sabon reshe a wani gari mai nisan yini guda a mota, nan da wata huɗu. Goggo ta riga ta yanke hukunci: a yi auren kafin nan, in tattara in bi mijina. Ranar Asabar ma 'yan'uwansa za su zo a tsayar da magana.

Ni kuma ina da nawa ɗan cikin da na yi wata biyu ina raino. Shugabar makarantarmu ta gaji da yadda yara ke fita daga darasin lissafi su shiga na kimiyya kamar sun sauya ƙasa, ba abin da ke haɗa wannan da wancan. Sai ta ce wa zai tsara mata shekara guda cur ta 'yan aji biyar da shida, inda duk darussa za su taru a kan abu ɗaya? A ofishin malamai kowa ya duƙufa a kan rajistarsa kamar ranar ya fara ganinta. Ni da bakina ba ya shiru, sai na ji na ce, "Ranki ya daɗe, riga."

Riga ɗaya nake nufi, daga iri har zuwa wuya. Yara su auna filin bayan aji su fitar da faɗinsa, lissafi ke nan. Su shuka auduga su riƙa rubuta tsawonta duk mako, kimiyya. Su bi ta a taswira su ga ƙasashen da take zuwa, labarin ƙasa. Su zauna gaban kakanninsu su tambaye su yadda ake kaɗi da saƙa, su rubuto da hannunsu, ga tarihi ga rubutu. Su cire, su gurza su fitar da iri, su kaɗa, su saƙa, su rina. Ranar ƙarshe ta shekara mu ɗaga riga mu ce wa iyaye, ga abin da 'ya'yanku suka yi, ko da ta jariri ce.

Makon karatu talatin da tara ne a shekara, don haka na yanka kati talatin da tara na manna a bangon ɗakina. Na kwaso ragowar zare a shagon Mama, ja na lissafi, kore na kimiyya, shuɗi na rubutu, ruwan ɗorawa na tarihi, na bi ina ɗaure kati da kati da fil. In ka bi jan zare da yatsa za ka ga yadda awon fili ya zama awon yadi bayan wata bakwai. Na sha tsayawa gaban bangon nan da buroshi a baki ina yaba wa kaina.

Shugaba ta ga hotonsa ta jinjina kai, amma ta gindaya sharaɗi. "Ba na son abin da za a fara a bar min yara a tsakiyar kogi. Ranar Juma'a ki kawo shi gaban malamai. In sun yarda, za ki sa hannu cewa ke za ki kai shi ƙarshe."

Sharaɗin nan ban gaya wa Mama ba, ban gaya wa Goggo ba, shi ma ban gaya masa ba. Na dai tura masa hoton bangon wata guda da ya wuce, ina jiran ya yi ta zuba yabo. Kun san abin da ya rubuto? "Masha Allah." Shi ke nan, ko ɗan hoton fure babu. Na yi kwana biyu ina amsa masa da "to" da "uhm", shi ko a jikinsa.

Ranar Alhamis na dawo gida ƙarfe biyu, sanye da doguwar rigata ruwan toka mai aljihu biyu, wadda alli ba ya nunawa a jikinta. Tun daga ƙofa warin fenti ya tare ni. An fitar da kujerun falo, an naɗe labule, ga Goggo a tsaye da ɗaurin ɗankwalinta mai kama da tana shirin yaƙi, tana nuna wa mai fenti lungu da bakin mafici. Na wuce ɗakina da gudu ko takalmi ban cire ba.

Bangon fari tas. Ko ramin fil ɗaya ba a bari ba.

"Goggo! Ina katunana?"

"Waɗannan tarkacen? Suna cikin kwandon wanki, ban zubar ba. Zaren kuwa na warware na naɗe wa uwarki, zare mai kyau kin bi kin ɓarnatar. Baƙi za su zo jibi, 'yan'uwansa mata za su leƙa ɗakinki, su ga bango kamar gidan gizo-gizo?"

Na durƙusa gaban kwandon. Katunan suna nan duka, a cakuɗe kamar an yi karta da su. A nan ne na tuna wautar da na tafka: ban sa wa ko ɗaya lamba ba. Me zan yi da lamba, alhali zaren ne ke riƙe da jerin? Na lalubo wayata in duba hoton, sai na tuna na goge shi makon jiya da waya ta cika, ina cewa ai bangon yana nan. Jama'a, ni da nake dukan tebur kullum ina ce wa yara su sa lamba a kowane shafi.

"Goggo, gobe da safe fa zan kai wannan aikin gaban malamai. Aikin shekara guda ne."

"Shekara?" Ta saki mafici. "Wace shekara kuma? Ke da za ki bar garin nan da wata huɗu? Ke 'yar nan, taura biyu ba ta taunuwa. Makaranta ai ko'ina akwai ta, miji na kirki kuwa ba a tsintarsa a bakin titi."

Mama tana bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, ta ce a hankali, "Auta, Goggonki gaskiya ta faɗa. Ki yi haƙuri, takarda ce, kya sake wata." Wannan ta fi min ciwo fiye da ta Goggo. Na kwashi kwandon na zube shi a kan teburin yanka na shago, ina jerawa hawaye na ɗiga. Farko da ƙarshe na gane su, amma tsakiyar ta rikice min. Taswira ce kafin hira da kakanni, ko bayanta? Awa biyu ina ɗora kati ina ɗaukewa.

Ƙarfe biyar daidai aka yi sallama. Yana sanye da farar rigarsa mai dogon hannu, biro biyu a aljihu, guga kamar za ta yanke ka. Ya dubi idona, ya dubi teburin, bai ce "me ya faru" ba. Ya zaro wayarsa ya ɗan latsa, ya ajiye a gabana. Bangona ne, zare da komai.

"Ba ka goge ba?"

"In goge? Na ma bugo shi a babbar takarda, yana ofis a jikin bango. Direbobi suna ta tambayata wace sabuwar hanya ce za a buɗe."

Dariya ta kufce min da hawaye a fuska. Na ce, "Amma 'Masha Allah' kawai ka rubuto."

"Ina nazarinsa ne, Malama. Kuma akwai kuskure a ciki, na rasa ta inda zan ɓullo miki, don na san halinki."

Kuskure? A bangona? Nan take na gyara mayafi na harɗe hannu. Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan, ya ɗauko katin shuka da katin cirar auduga ya ajiye su gefe da gefe.

"Kin rubuta auduga tana yin sati ashirin da biyu kafin ta buɗe. Kin shuka a kati na biyar, kin ɗora cira a na ashirin da bakwai."

"Biyar da ashirin da biyu nawa ne? Lissafi za ka koya min?"

"Hutu fa? Akwai hutu biyu a tsakani, sati uku-uku, kuma ba su da kati a bangonki. Ke kina ƙirga satin da makaranta ke buɗe ne. Auduga ba ta san hutu ba, Malama. Za ta buɗe a kati na ashirin da huɗu, yara suna tsakiyar jarrabawa. Kafin ki zo cira ta yi sati shida tana jiranki, iska da awaki sun gama rabonsu."

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata biyu ina kallon bangon nan ban gani ba, domin mu malamai in an rufe makaranta gani muke duniya ma ta tafi hutu. Da Goggo ba ta yaye katunan ba, haka zan kai shi gobe, Malamin lissafi ya yi min dariya har ya faɗo daga kujera.

"To yanzu fa?" na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke ce malama."

Ina kallon teburin, sai kaina ya buɗe. In an dawo da shuka kati na biyu, za ta buɗe a na ashirin da ɗaya, kafin jarrabawa. Awon fili ya koma makon farko. Kaɗi, wanda dama na matse shi, ya samu sarari. Hutun kuwa ya zama darasi: yaran da ke kusa da makaranta su yi ban-ruwa bi da bi, su auna tsawo su rubuta. Ina faɗa ina jerawa, shi kuma ya zaro biro yana sa wa kowane kati lamba a kusurwa, da ɗan rubutunsa mai kama da na inji. Wallahi sabon jerin ya fi na bango kyau nesa ba kusa ba.

Mama ta shigo da ƙullin zaren da Goggo ta naɗe, wai ko za mu buƙata. Tana ajiyewa idonta ya sauka a kan wani kati. Mama a aji huɗu ta tsaya, karatunta a hankali take yi tana motsa leɓe. Na ga ta ɗauka, ta matsa kusa da taga.

"Baƙuwar malama... Mama... gwanar ɗinki. Za ta koya musu rabi da kwata... da almakashi." Ta juyo. "Auta, wace Mamar?"

"Mama nawa gare ni?"

"Ni zan tsaya gaban aji? Me na sani?"

"Mama, ke kike duban mutum sau ɗaya ki ce yadi uku da kwata, kuma ko ƙyalle ba ya ragewa. Yarana wata biyu nake fama da su a kan kwata. Kati na talatin da ɗaya naki ne tun ranar da na fara yankawa."

Mama ta sake duban rubutun. Ta goge katin da gefen zaninta kamar ya yi ƙura, ta mayar da shi gurbinsa daidai, ta gyara masa zama da yatsa biyu. Sai ta zauna ta zare jan zare ta fara ɗaure mana katunan da kanta, da irin ƙullin da ba ya kwancewa. Goggo ta leƙo ta ga mu uku a kan tebur, ta ja tsaki ta koma wurin mai fenti.

Ana gab da kiran magariba muka kai na ƙarshe. Ƙarfe Biyar ya rubuta talatin da tara a kusurwa, ya karanta abin da ke jiki: ranar ɗaga riga gaban iyaye. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa zai tsaya da su ranar nan?"

Mama ta daina ɗauri. Ni kuma na gaji da ɓoye-ɓoye. Na ce, "Ni. Gobe in malamai sun yarda, zan sa hannu cewa ba inda za ni sai shekara ta ƙare."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya tattara katunan ya daidaita bakinsu a kan tebur, ya sa musu roba, ya miƙo min. Ya yi wa Mama sallama cikin ladabi ya fita. Kullum in zai tafi sai ya ce, "Gobe ƙarfe biyar." Ranar bai ce ba.

Har gari ya waye ba saƙo. Na rubuta "Ka isa lafiya?" na goge. Na rubuta "Ka yi fushi ne?" na goge. Daga ƙarshe na tura masa "Na gode da jiya", alama ta nuna ya karanta, shiru. Na sa atamfata kore mai ƙananan ganye, wadda Mama ta ɗinka min ranar da na fara aiki, na ɗaura agogo, na shafa kwalli don kada a ga idona ya kumbura. Zan fita Mama ta kamo hannuna ta gyara min wuyan riga. "Ki tsaya da kyau, ki ɗaga murya," in ji ta. Ba ta ambaci Asabar ba.

A ofishin malamai aka haɗa tebur biyu na shimfiɗa shekarata, zare ja da kore suna ratsa ta. Na yi bayani minti ashirin ba tare da na duba takarda ba. Ina gamawa Malamin lissafi, wanda ya shekara ashirin da biyu yana koyarwa kuma bai taɓa yarda da sabon abu ba, ya sauke tabarau.

"Malama, duk wannan labari ne mai daɗi. Auduga nawa ake buƙata a yi riga? Kin sani?"

"Ban sani ba, Malam."

Ya waiga yana murmushi, irin na an kama ɓarawo.

"Shi ya sa na ba ka kati na farko," na ce. "Yaranka ne za su auna tsohuwar riga a sikeli, su ƙiyasta abin da tushe ɗaya ke bayarwa, su gaya mana tushe nawa za mu shuka. In sun yi kuskure, rigar ta fito ba hannu, kuma kowa zai san ajin wa aka yi lissafin."

Ofis ya kwashe da dariya, har shi. Ya jawo katin yana dubawa, sai na ji ya ce, "Sikelin ɗakin kimiyya ya lalace, zan kawo na gidana." Ya sake bin jerin da yatsa, ya tsaya a wurin hutu. "Har kin cire satin hutu daga lissafin shukar? Ba kowa zai tuna wannan ba." Na ce an taya ni gani. Amma kaina ya fasu, ba zan yi muku ƙarya ba.

Shugaba ta turo min takardar da biro. "Kin tabbata? Na ji ƙishin-ƙishin ana maganar aurenki."

Na tuna fuskarsa jiya, da ƙofar da ya fita bai waiwayo ba. Na tuna yara arba'in da shida da ba su taɓa ganin auduga a jikin itacenta ba, da Mama tana goge kati da zani. Na sa hannun, na rubuta kwanan wata, har na ja layi a ƙasa. Ban taɓa jin na kai mutum kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar lokacin ba.

Malamai suka watse, Shugaba tana taya ni tattara katunan tana ƙirgawa. Sai ta tsaya.

"Malama, ba talatin da tara kika ce ba? Ga wani a ƙasan robar, bai da zare."

Ta miƙo min. An yanke shi daidai girman sauran, daga kwalin da Mama ke naɗe yadi. Ɗan rubutun nan ne mai kama da na inji. A kusurwa an sa arba'in, a tsakiya kuma kalma biyu kacal: "Ƙarfe biyar."

Na zauna a kujerar da ta fi kusa, na rufe fuska da katin. Shugaba ta ce, "Wane darasi ne wannan?" Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba na yara ba ne."

Ina fita harabar makaranta wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mama, tana magana ƙasa-ƙasa, ga ƙarar keke a bayanta don kada a ji: "Auta, na gaya wa Goggonki da bakina cewa ba inda za ki sai shekara ta ƙare. Tana falo tun ƙarfe goma, ta ce ba za ta cire mayafi ba sai kin dawo, kuma ta aika a kira yayar mutumin naki yau, ba sai gobe ba. Kada ki biyo ta shago kamar marar gaskiya. Ki shigo ta babbar ƙofa, ina nan."

Na sa katin a aljihun jaka na zuge, na duba agogo. Ƙarfe ɗaya da kwata. Awa huɗu saura kwata zan riƙe Goggo ni da Mama, kafin a yi sallama.